Sandar Sunuka ta Dala 500: Kaya Muke Saya ko Suna?

'Yan uwana ɗalibai, duk mai leƙa teburin sunuka a bakin get ya ji ana zuzuta baƙar sandar nan ta zaren kabon. Kamfanin Predator na Amurka ya fito da samfurinsa Revo a 2016, kuma rabin sandar na gaba kaɗai yakan kai wajen dala 500. Ku juya shi zuwa naira, ku kwatanta da kuɗin rajistarku.

Gaskiya tana da amfaninta. Damina ko zafin bazara ba sa lanƙwasa ta kamar ta katako. Amma me ke cikinta? Bututu ne na zaren kabon da aka haɗa da danƙo, aka gasa, aka cika da soso. Masana'antun China suna sayar da irinta ƙasa da dala 100.

To ina sauran kuɗin ya tafi? Bincike ya ci nasa, talla da ɗaukar nauyin zakarun 'yan wasa su ma sun ci nasu. Mu 'yan poli, kafin mu ce "wallahi sai na mallake ta", mu fara tambayar nawa aka kashe wajen ƙera ta. Tambari dai ba ya jefa ƙwallo a rami.