Faifan Farko na Mai Kakkaurar Murya

Akwai wata al'ada a wajen mawaƙan ƙasashen Turai wadda, ko da yake ta yi nisa da mu a wuri da harshe da addini, na ga ya kamata masu hankali daga cikinmu su tsaya su dube ta da idon basira. Idan Allah ya hore wa saurayi murya mai kauri, irin wadda ta sauka ƙasa da matsakaiciyar muryar maza amma ba ta kai ƙurewar zurfi ba, kuma ya shafe shekaru a gaban malamansa yana koyon riƙe numfashi da fitar da haruffa daga mafitarsu, to sau da yawa faifansa na farko ba ya cika shi da abin da ya ƙaga da kansa. Sai ya koma ga baitocin manyan sha'irai waɗanda gwanayen kiɗa suka ɗora wa karin murya tun shekaru aru-aru, ya rera su shi kaɗai, ba abin da ke rakiyarsa sai fiyano guda, domin masana su auna shi da ma'aunin da aka auna waɗanda suka gabace shi.

Jigon wannan fanni a wurinsu shi ne Franz Schubert, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda aka haifa a 1797 ya rasu a 1828, bai wuce shekara 31 a duniya ba, amma ya bar waƙoƙi fiye da 600 da ya ɗora a kan baitocin Goethe da wasu sha'iran Jamusanci. Har yau da wuya a ce mai irin wannan murya ya ƙware bai bi ta kansu ba. Bryn Terfel, ɗan manomi daga wani ƙauye a arewacin Wales, wanda aka haifa a 1965, ya tashi yana rera waƙa da harshen mutanensa a gasar gargajiyarsu, ya ci lambar rera irin waɗannan waƙoƙi a gasar birnin Cardiff a 1989, kuma waƙoƙin Schubert suna cikin abin da ya fara sa wa a faifai. Ƙauyancinsa bai hana shi ba, ƙarancin masu jin harshensa ma bai hana shi ba.

Na kawo wannan ne domin in yi magana a kan samarinmu na Kanya Babba da Babura, da na Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda duk wanda ya taɓa kwana a garuruwan nan cikin watan Rabi'ul Awwal, ya ji yadda ake raya dare da Ishiriniyar Alfazazi da Burdar Busiri, ya san cewa ba mu da talaucin murya. Akwai mai kiran sallar da muryarsa ke ratsa unguwanni da asuba, akwai ɗalibin Islamiyya da ke jan baiti 'yan'uwansa na amsawa, akwai manomin da ke rera abin da ya hardace yana bin kunyar gero. Abin da nake kira gare shi shi ne, idan ɗaya daga cikin waɗannan ya yi niyyar sa muryarsa a faifai karo na farko, to ya fara da rubutattun waƙoƙin magabatanmu, ya rera su da muryar da Allah ya ba shi, ba tare da an lanƙwasa ta da na'ura ba.

Taskar da zai ɗiba daga gare ta kuwa ba ƙarama ba ce. Tun zamanin jihadi malamanmu suka ɗauki ma'aunan aruli waɗanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara, su ɗawil da basiɗ da kamil da wafir da mutaƙarab, suka zuba Hausa a cikinsu har ta zauna daram, kamar yadda Farfesa M. K. M. Galadanci ya bayyana a nazarinsa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara waƙoƙin wa'azi da tarihi da marsiyya, jajis ɗinta, wato matan da ta horar a ƙungiyar 'Yan Taru, suka hardace su suka kai wa matan ƙauyuka da baki. Bayan zuwan boko aka sami Malam Sa'adu Zungur da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, da Aliyu Namangi makahon Zariya mai Imfiraji, da Alhaji Aƙilu Aliyu mai Fasaha Aƙiliya, da Na'ibi Sulaimanu Wali, da Mudi Sipikin. A cikin ƙasar da ake kira Jigawa tun 1991 ma muna da namu, wato Malam Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta wanda bai cika shekara 40 ba ajali ya riske shi, amma ya bar Yabon Ubangiji da Ilmin Zamani da Tutocin Shaihu da Waninsu.

A nan ne mas'alar take, kuma ita ce hujjata mafi ƙarfi. Waɗannan waƙoƙi an tsara su ne domin a rera su a ji, kowace da raujinta, wato hawa da saukar muryar da mai ita ya zaɓa mata, alhali kuwa takarda ba ta ɗauke da wannan rauji. Bature yana da alamomin rubuta sauti, saboda haka saurayin da aka haifa shekara ɗari biyu bayan Schubert yana iya buɗe littafi ya ga inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta, da tsawon da zai ja kowane harafi. Mu kuwa rubutunmu na boko ko tsawon wasali ba ya nunawa, balle karin sautin kalma, ga shi kuwa ma'aunin waƙarmu kacokan ya dogara ne a kan bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Raujin waƙa a wurinmu riwaya ce, daga baki zuwa kunne, kamar yadda ake karɓar ƙira'a daga bakin gwani. Ranar da mutum na ƙarshe da ya ji ta daga wanda ya ji ta daga mai ita ya koma ga Mahaliccinsa, to isnadin ya yanke, sai a bar mu da baƙaƙe a kan farar takarda waɗanda ɗalibi zai karanta domin jarrabawa kamar yana karanta wasiƙa. Faifai shi ne kaɗai alƙalamin da muke da shi na rubuta rauji, kuma dattawan da suka ji Imfiraji daga bakin makafi a kasuwanni, ko suka saurari Aƙilu Aliyu yana rera nasa a gidan rediyo, kullum raguwa suke yi.

To me samarinmu suke yi da wannan alƙalami? Wanda ya ji yana da murya yakan tara abin da ya samu daga riɗi ko gyaɗa, ya hau mota zuwa Kano, ya shiga situdiyo, a ɗora masa kiɗan fiyano, a tura muryarsa cikin na'urar da ke gyara ta har ta koma siririya irin wadda waƙoƙin finafinan Indiya suka saba wa kunnuwanmu da ita, ya fito da abin da ba a bambanta shi da na mutum ɗari. Ba na raina wannan sana'a, domin tana ciyar da gidaje masu yawa kuma akwai masu fasaha a cikinta. Abin da ke damuna shi ne makomar mai kakkaurar murya, wanda kasuwar nan ke nuna masa cewa baiwarsa aibi ce, alhali irin muryarsa ce ta fi dacewa da nauyin wa'azi da kwarjinin madahu da alhinin marsiyya. Mawaƙi Aminu Ala ya riga ya nuna cewa jama'a ba su ƙosa da baiti mai ma'auni da ƙafiya da zurfin ma'ana ba.

Wani zai ce maimaita abin da wani ya tsara yana kashe basirar yaro. Tarihin fasaharmu bai goyi bayan wannan zance ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa kafin ya ja ragamar ƙungiya, kuma haka galibin makaɗan fada suka tashi. Malamanmu ma sun ɗauki tahmisi, wato gina ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu na wani magabaci, a matsayin aiki na girmamawa da nuna ƙwarewa a lokaci guda. Wanda ya zauna da baitocin Zungur har harshensa ya saba da nauyinsu, idan ya tashi tsara nasa ba zai yarda da ƙafiyar da aka jawo da ƙarfi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani kuma zai kawo shubuha ta wajen addini, kuma wannan ya cancanci amsa cikin ladabi. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa sananne ne, ba ni da matsayin yanke hukunci a cikinsa. Amma rubutacciyar waƙa tun asalinta da murya zalla ake rera ta, ba ganga ba molo, saboda haka abin da nake kira gare shi ya kuɓuta daga mahallin saɓanin. Kyawun murya kuma ni'ima ce da shari'a ta san darajarta, tun da an zaɓi Sayyidina Bilal ya yi kiran salla saboda muryarsa, an kuma ba Hassanu ɗan Sabitu wuri a masallacin Madina yana kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da baitocinsa.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa, wanda ya tsallake su ya ci amana. Wajibi ne saurayi ya nemi dattijon da ya san raujin waƙar ya karɓa daga bakinsa, ya kuma ambaci sunansa a faifan, domin silsilar ta zama sananniya. Wajibi ne ya kai matanin gaban malamin Hausa da malamin Larabci su warware masa lugga, don kada ya rera abin da bai fahimta ba, ya yi waƙafi a tsakiyar ma'ana. Wajibi ne ya nemi izinin magada da na kamfanin da ya buga littafin, domin haƙƙin mallaka haƙƙi ne a doka da shari'a. Sa'an nan ya yi haƙuri kada ya yi gaggawa, domin kakkaurar murya ba ta nuna da wuri.

Nauyin kuma bai tsaya a kan saurayin shi kaɗai ba. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Ilmi ta Gumel suna da malaman da za su tace matani. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana tattara irin waɗannan waƙoƙi. Rediyon Jigawa yana da ɗakin ɗaukar murya da masu saurare a kowane ƙauye. Masarautun Kazaure da Ringim kuwa, waɗanda garuruwan samarin da na ambata tun farko ke ƙarƙashinsu, sun gaji riƙon masu fasaha tun kaka da kakanni. Ina roƙon waɗannan su haɗa kai su kafa musabaƙar rera rubutattun waƙoƙi shekara-shekara, kamar yadda aka kafa ta karatun Alƙur'ani ta kuma yi albarka, a fara daga makarantun gundumomi, ladan wanda ya yi fice ya zama ɗaukar faifansa na farko da tsabtatacciyar na'ura. A fara da diwanin Mu'azu Haɗeja, tun da namu ne, a kuma fara a bana, tun dattawan da za a karɓa daga bakinsu suna raye. Allah ya sa mu dace.