Wai Shin Takardun Gwamnati Na Wane Ne?

Duk marubucin da ya taɓa yunƙurin gina labari a kan tarihin ƙasar nan ya san wani abin kunya. Ya fi sauƙi ka gano abin da Di'o ya rubuta game da garinku a 1925 da ka gano abin da wata ma'aikatar jiha ta yi da kuɗin jama'a a 1985.

Bature ya ci ƙasa da bindiga, amma ya bar rubutu. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayil-fayil na lardunan Kano da Sakkwato da Zariya, da rahotannin haraji da jangali, da lissafin masaƙa da marina na gundumomi, har da labarin tawayen Satiru na 1906 yadda masu nasara suka ba da shi. Ba don Allah ya rubuta ba, don ya san inda zai tatsa ne. Kuma ba duka ya bari ba: sai a 2011 Ingila ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayiloli na ƙasashen da ta mallaka, bayan tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya sun maka ta a kotu. To, mun zagi Bature, ya cancanta. Namu fa?

Ba doka muka rasa ba. Dokar ma'ajiyar tarihi ta 1992 ta ce takardar hukuma in ta shekara 25 a buɗe ta ga jama'a. A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa mai tambaya, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Amma takardar da ba ta isa ma'ajiya ba, me za a buɗe? Tana can cikin sito, gara na sha'aninta, ko kuwa ta ƙare wajen mai ƙosai. Ma'aikaci kuma har yau kallon fayil yake kamar gadon ubansa, da ka tambaya sai ya ce sirri ne. Sirrin me ke cikin kuɗin gina aji biyu?

Wani zai ce ina ruwan mai rubuta labarin soyayya da wannan. Da ruwansa. Mu da muke tsayawa gaban allo muna ganin ɗalibai sun haddace sunan Lugga amma ba su san yadda fari na 1973 ya watsa ƙauyukan kakanninsu ba, domin ba wanda ya zauna da takardun lokacin ya mai da su labari. Ana ta zarginmu da maimaita jigo ɗaya, alhali an kulle mana rumbun da za mu ɗebo wani.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da ta daina tsayawa a kan bikin ƙaddamar da littafi kaɗai. Kowane reshe ya zaɓi batu guda, ya rubuta wa ma'aikatar da abin ya shafa a ƙarƙashin dokar 2011, ya ajiye kwafi da kwanan wata. Wadda ta amsa mu buga abin da ta bayar a wannan mujalla, kowa ya ɗauka ya yi aiki da shi. Wadda ta yi gum, mu buga sunanta da adadin kwanakin da ta yi ba ta ce uffan ba, a fitowa ta gaba.