Cutar waswasi: An samu doka, saura masu magani

Tun Janairun 2023 da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ake jiran ganin tasirinta a asibitoci. Cutar waswasi, wadda likitoci ke kira OCD, na cikin abubuwan da za a auna wannan tasiri da su.

Mai fama da ita shi ne ɗan kasuwar da ke komawa sau goma yana jijjiga kwaɗon shago, ko ma'aikacin da ke maimaita alwala har jam'i ya wuce shi. Maimaitawar kan kwantar masa da hankali na ɗan lokaci, sannan shakkar ta dawo da ƙarfi.

A 1966 Victor Meyer, wani masanin halayyar ɗan'adam a Landan, ya gabatar da hanyar karya wannan zagaye. Ana sa majinyaci ya fuskanci abin da yake tsoro daki-daki, ya kuma daure kada ya maimaita aikin, har fargabar ta lafa da kanta. Ƙwayoyi irin su fluoxetine na taimakawa, amma wannan horo yana buƙatar zama na makonni da ƙwararre.

Nan gizo ke saƙar. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri sun yi wa yawancin jama'a nisa, masu wannan ƙwarewa kuma ƙalilan ne. Muddin gwamnatoci ba su horar da su, sun tura su manyan asibitocin jihohi ba, dokar za ta tsaya a takarda.