Ra'ayinmu: A auna karatun yaran ajin gada kamar yadda ake auna hatsi

Duk macen da ke sayen gero a kasuwar Magarya ba ta yarda da maganar baki, sai ta ga an cika tiya a gabanta. To me ya sa in aka zo kan karatun ƴaƴanmu muke karɓar "yana ƙoƙari" mu koma gida?

Muna magana ne kan ajin gada, wanda ake kira paserel, tsarin da wata gidauniyar ƙasar Norway mai suna Strømme ta soma a Mali a shekarar 2004, daga baya ya iso Burkina Faso da Nijar. Ana ɗaukar yara masu shekara 8 zuwa 12 da ba su taɓa shiga lakwal ba ko suka fita da wuri, a koyar da su wata 9: wata 2 na farko da harshen gida, sauran da Faransanci. A ƙarshe a yi musu jarrabawa, wanda ya ci a kai shi aji huɗu na firamare. Ga gundumomin Magarya da Dungas, inda talla da kiwo da tafiya cirani ke raba yara da makaranta, wannan dama ce babba.

Amma jarrabawa ɗaya a ƙarshen wata tara ba awo ba ce. Uwar da ta sauke farantin talla daga kan ƴarta ta yi asarar cinikin kullum, saboda haka tana da haƙƙin sanin abin da ta samu tun kafin lokaci ya ƙure. Kamata ya yi a gwada yaro ranar da ya shiga, a rubuta, a sake gwadawa duk wata biyu, a kira iyaye a faɗa musu da Hausa. Kuma kada a ɗauka kai yaro aji huɗu shi ne gamawa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da yara 9 cikin 10 da ke ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Don haka adadin waɗanda aka kai lakwal, wanda masu ba da tallafi ke son gani a rahoto, bai isa shaida ba. A koma bayan shekara a duba: su nawa ne har yanzu ke zaune a aji, musamman ƴan mata?

Ku ma ƴan kasuwa kuna da naku ma'auni, ko da ba ku yi boko ba. Yarinyar da ke ƙirga canji da dala tun tana ƙarama ta iya lissafi, abin da ya rage shi ne rubutawa. Ku ce ta rubuta dala ashirin, ku ga ko za ta sa 100. Ta rubuta jika biyu da rabi, ku ga ko 2500 za ta fito. Ku miƙa mata littafin bashi ta karanta sunaye, ko ta juya farashin naira na kasuwar Maigatari zuwa sefa. In wata huɗu sun wuce ba ta iya ko ɗaya ba, kada ku jira ƙarshen shekara. Ku je wurin mushe, in bai gamsar da ku ba ku kai maganar ga kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata, su kuma su kai ta ga sufeton ilimi na gunduma.