Kada a rataya makin ɗalibi a kan wayar mahaifinsa

Malamin lissafi da ke riƙe da azuzuwa huɗu a makarantar gwamnati, kowane aji da ɗalibai 80, idan ya ba da aikin gida sau ɗaya to littattafai 320 ne za su taru a teburinsa. Ko da minti biyu kacal ya ba kowane littafi, sai ya share sama da awa goma yana duba su. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 35 zuwa 40 ga malami ɗaya, amma duk wanda ya leƙa manyan makarantun Kano ko Katsina ya san cewa aji kan ninka wannan adadi. Shi ya sa malamai da yawa suke tsayawa a kan "Kun gane?", ɗalibai su amsa da "Mun gane" baki ɗaya, a wuce babi na gaba. Wanda bai gane ba sai ranar jarrabawa asirinsa zai tonu.

A wannan hali ne fom ɗin tambayoyi na intanet ya shigo hannun malamai. Google Forms ya fara ne a 2008, a 2016 aka ƙara masa ikon duba amsa da ba da maki da kansa, a wannan shekarar kuma Microsoft ya fito da nasa. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona shi ya sa malamai da dama suka fara sanin su. Aikin ba shi da wuya: malami ya rubuta tambayoyi a wayarsa, ya nuna wa manhajar amsar da take daidai, ya tura adireshin fom ɗin a zauren WhatsApp na aji. Amsoshi suna shigowa suna jera kansu a jadawali, har da zanen da ke nuna yawan waɗanda suka zaɓi kowace amsa.

Wannan zanen shi ne abin da ya fi daraja a cikin fom ɗin, ya fi makin da manhajar ke fitarwa. A ce malami ya tambayi jimlar 1/2 da 1/3, ya kuma sa 2/5 a cikin zaɓin da gangan. Idan rabin aji suka zaɓe ta, ya san ainihin inda cutar take: yaran suna haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Washegari ba sai ya maimaita dukan darasin ba, wannan kuskuren kaɗai zai bi ya gyara. Tun a 1998 wasu malaman jami'a biyu na Ingila, Paul Black da Dylan Wiliam, suka tattara bincike masu yawa suka nuna cewa irin wannan gwaji na tsakiyar darasi yana ɗaga fahimtar ɗalibai, musamman waɗanda ke baya, matuƙar malami ya yi aiki da abin da ya gano. Sharaɗin nan na ƙarshe yana da nauyi. Malamin da ya tara amsoshi ya bar su kwance a waya bai ƙaru da komai ba.

Akwai wani amfani da ya dace da tarbiyyar yaranmu. Yaron da aka rena a kan kunya da girmama na gaba ba zai ɗaga hannu ya ce wa malam bai fahimce shi ba, balle yarinyar da ke tsoron dariyar aji. Fom ɗin da bai nemi suna ba, mai tambaya ɗaya tak, "Wane abu ne ya shige maka duhu a darasin yau?", yana fito da maganar da ba za a taɓa jin ta a fili ba.

Kuskuren da ya kamata a taka wa burki shi ne mayar da waɗannan fom-fom ma'aunin makin gwajin zango. Yawancin ɗaliban firamare da sakandare ba su da babbar waya. Wadda ke gidan ta mahaifi ce, tana tare da shi a kasuwa ko tasha har dare, wani lokaci ba caji, wani lokaci ba data. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Idan malami ya ce za a rufe fom da ƙarfe takwas na dare, kuma makinsa zai shiga sakamakon ƙarshen zango, to aljihun iyaye yake aunawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, babu mai tabbatar da cewa ba yayan yaron ne ya amsa ba, ko kuma ba a ɗauki hoton amsoshin an raba a zaure ba.

Ko ga masu waya, manhajar kan zalunci ɗalibi ba da saninta ba. A tambayar da ake rubuta gajeriyar amsa, tana neman rubutu irin wanda malami ya ajiye mata. Ɗalibin da wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa zai rubuta amsar Hausa daidai a ma'ana, a ba shi sifiri. Dole malami ya shigar da rubutun iri biyu, ko ya tsaya a kan tambayoyin canki-canka, ya bar dogon bayani ga biro da takarda.

Sai batun bayanan yara. Wasu fom-fom na makaranta suna neman cikakken suna, ranar haihuwa, lambar waya, unguwa, har da hoto, a kan tambayoyi biyar na darasi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023 ta buƙaci amincewar iyaye ko masu kula kafin a sarrafa bayanan yaro. Lambar ɗalibi a rajistar aji ta wadatar, sauran kuma kaya ne da malami ba shi da wurin ajiye su.

Rashin waya a hannun ɗalibai bai rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Manhajar Plickers waya ɗaya take buƙata, ta malami: kowane ɗalibi yana riƙe da katin takarda mai alama, ya juya shi gwargwadon amsar da ya zaɓa, kyamarar wayar ta karanta katunan daga gaban allo. KoboToolbox, wadda ma'aikatan agaji ke tattara bayanai da ita a ƙauyuka, tana karɓar amsa ba tare da intanet ba, sai an samu sabis ta tura. A manyan makarantu, inda yawancin ɗalibai ke da waya, ƙuri'ar jin ra'ayi da WhatsApp ya fito da ita a 2022 ta isa ƙaramar tambaya.

Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta kacokan, WAEC ma ta fara da masu zana jarrabawa masu zaman kansu a 2024. Ɗalibin da ya saba amsa tambaya a fuskar na'ura ba zai firgita a ranar ba, kuma wannan sabo haƙƙinsa ne a kan makaranta. Ya kamata kwalejojin ilimi su sa tsara irin waɗannan tambayoyi cikin horon ɗaliban NCE, ma'aikatun ilimi na jihohi kuma su fitar da umarni a rubuce ga shugabannin makarantu: duk gwajin da makinsa zai shiga sakamako a yi shi a cikin makaranta, da kayan da kowane ɗalibi ke iya samu.