Ɓarnar Abinci A Kasuwa Da Sito Da Manyan Tukwane



Hatsin da a ke aunawa yau a Batsari ko Wagini, ko a Safana da Runka, ba ɗaya ya ke da wanda aka auna shekara ashirin da suka wuce ba, ko da ya ke tiyar ita ce dai tiyar. Na da, gumi aka zubar aka same shi. Na yanzu kuwa sai da gumi da fargaba, wani lokaci har da jini. Ƙasashen nan biyu suna jingine da Dajin Rugu, kowa kuwa ya san abin da ya riƙa fitowa daga dajin nan. A watan Fabrairu na 1920 da ɗari, watau 2020, ɓarayin daji suka faɗa wa Tsauwa da Ɗankar, suka kashe mutum wajen 30, suka sa wa gidaje da abinci wuta. A 2021 gwamnatin Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan biyu. Gonakin da ke nesa da gari sun yi damina bayan damina ba a sa musu fartanya ba. An yi zaman sulhu a waɗansu wurare a 2025, amma rumbun da ya ƙone bai cika kansa ba. A cikin shekarar nan ta 2025 ce kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekara.

To, ƙasar da ke cikin wannan hali, in aka ga buhu ya ruɓe a sito, ko tukunyar shinkafa ta kwana ta yi tsami an kife ta a bola, lalle akwai wanda ya kamata a tambaya.

Ba talaka za a tambaya ba, gama gidan talaka ba ya zubar da kome. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame. Wanda ya kama gindin tukunya ya zama ƙanzo, a shanya shi, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo. Dusa ta akuya ce, ƙasari na tunkiya, tsaki na kaji. Matan ƙasar nan sun gaji wannan tattali daga iyayen da suka ga farin 1973, su kuma daga kakannin da suka ga yunwar 1914 wadda a ke kira Kakalaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da lissafi a 2024 cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da abinci tan biliyan 1.05, kashi 60 cikin ɗari a gidaje, kashi 28 a wuraren dafawa a sayar ko a ciyar, kashi 12 a kantuna. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya, an haɗa mai ƙoshi da mai yunwa. Wanda ya zaga ƙauyukan Ruma da idonsa zai ga cewa a nan ɓarnar ta fi taruwa inda abinci ya taru, watau hannun mai sito, da mai lodi, da mai babbar tukunya.

A fara da sito, don nan ne asarar ta fi girma, nan ne kuma ta fi ɓuya. Mutanen da suna ajiye gero da dawa a dami, cikin rumbu ko rufewa, su yi shekara biyu ko uku ba abin da ya same su, saboda ƙaiƙayi sutura ne ga ƙwaya. Wannan dabara tsohuwa ce, malamai sun san ita ce shawarar da Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar, cewa a bar hatsi cikin zangarniyarsa. Amma yau tsoron wuta da sata ya sa manomi ba ya barin dami a ƙauye. Sai ya sussuke da gaggawa, ya ɗura a buhu tun bai gama bushewa ba, ya kawo gari ya sayar da araha. Ɗan ƙwarami ya saya ya jibge a ɗaki, buhu bisa buhu, a kan daɓe mai danshi, ya kulle ya tafi yana lissafin ribar da zai ci da bazara. Ran da ya buɗe sai ya iske na ƙasa ya yi funfuna, na gefe ɓera ya huda, wake kuwa ya zama gari. Masara da gyaɗar da suka yi funfuna suna ɗauke da dafi mai cin hanta, wanda wuta ba ta kashe shi, ko an dafa ko an soya.

Abin da ya fi asarar muni shi ne maganin da waɗansu ke yi mata. Su kan yayyafa wa wake maganin ƙwari mai ƙarfi, irin wanda aka yi don gona, su rufe. Saboda irin wannan magani ne ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Bature ya ƙi shi, amma an ci gaba da aunawa ga mai ƙosai da mai alala. Waɗansu kuma su kan zuba lalatacce a gindin buhu, su rufe baki da mai kyau. Ba sai an buɗe littafi ba kafin a san sunan wannan algus, mai saye kuwa yana da ikon mayar da kaya in ya ga aibin da aka ɓoye masa.

Alhali kuwa magani na halal yana nan. Akwai buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago tare da masanan Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashen nan a 2007, aka kuma gwada shi sosai a wajen Maraɗi. Leda biyu ce a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowane da nasa igiya. In an ɗaure, ƙwarin da ke ciki su kan shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Sharaɗinsa biyu ne, hatsi ya bushe ƙayau, leda kuma kada ta huje. Tsofaffin da ke cuɗa wake da toka ko rairayi su toshe bakin tulu da laka, wannan hikima suka bi, ko da ba su san sunanta ba. Buhun ya fi na yau da kullum tsada, gaskiya ne, amma wanda ya taɓa zubar da buhu goma na wake ya san wanne ne mai tsadar. A ɗora buhuna bisa katako, a janye su daga bango, a fara fitar da wanda ya fara shiga. Duk wannan bai kai kuɗin buhu guda na masara ba.

Dole kuma a rarrabe tsakanin ajiya da ɓoyo. Mai ajiya yana tsare abinci daga kaka zuwa bazara, yana yi wa gari aiki, ribarsa halal ce. Mai ɓoyo kuwa ya ga mutane suna nema, ya ƙi buɗewa, yana jiran tiya ta ninka. A Fabrairun 2024 hukuma ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau ta Kano bisa zargin irin wannan. Sau da yawa ƙwaro ya kan riga mai ɓoyo cin ribar.

Kayan gwari su ne ba su jira. Dankali da rogo da tumatur da mangwaro, in sun fito, tare su kan fito, kasuwa ta cika, la'asar ta yi ba a sayar da rabi ba. Kwandon tumatur da a ke ɗora wa ɗan'uwansa a mota, na ƙasa ya kan isa a matse, ruwa na tsiyaya, akwatin roba da a ke jerawa ya fi shi. Wanda ya rage kuwa a yanka a shanya, amma bisa tabarma ko leda, don kauɗar da aka shanya a gefen titi rabinta ƙasa ce. Mai 'yar tireda kuma ya tuna da dabarar Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakani da jiƙaƙƙen rairayi, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har aka ba shi lambar girma ta Rolex a 2000. Maginan tukwane ba su ƙare a ƙasar Katsina ba.

Sa'an nan manyan tukwane, watau na makarantun kwana, da asibiti, da taron ma'aikata, da walimar attajirai, da wuraren ciyarwa na watan azumi. Ciwonsu ɗaya ne, a na aza tukunya ba a ƙidaya bakuna ba. Mai ɗaukar nauyi yana tsoron a ce bai isa ba, sai ya sa a dafa na mutum ɗari biyar alhali ɗari biyu za su zo. Mai kwangila kuwa a kan biya shi bisa yawan abin da ya dafa, ko an ci ko ba a ci ba, to, me zai dame shi? In da za a ajiye littafi a kowane madafi, a rubuta tiya nawa aka auna, mutum nawa suka ci, me ya rage, kafin mako biyu mai awo zai san ma'auninsa. Da azumi kuma, macen da ke da murhu gara a ba ta tsaba, ita ta san yadda tiya za ta kai ta kwana uku. Dafaffe a bar shi ga matafiyi da majinyaci da ɗan gudun hijiran da ba shi da tukunya. Ɗakunan ajiya na hukuma su ma suna cikin wannan magana. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa irin waɗannan ɗakuna a garuruwa da dama na Nijeriya, suka iske abincin tallafin annoba a jibge, watanni bayan lokacin da aka fi bukatarsa.

Wani zai ce ai a ƙasar Hausa abinci ba ya zubewa, tun da akwai almajirai. Wannan magana tana bukatar a tsaya a kanta, gama a nan ne malamai ke da hannu. Haƙiƙa ƙoƙon almajiri ya tsare abinci mai yawa daga bola. Amma wane abinci? Galibi sai mai gidan abinci ta jira har shinkafa ta fara yauƙi, ta tabbata ba mai saye, sa'an nan ta kira yaro. Ta huta da tafiya bola, ta kuma ɗauka ta yi sadaka. Yaron ya ci, da dare ciki ya murɗa, malam ya kwana neman magani. Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓi abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya bayar da shi. Abincin da ya lalace na taki ne, ba na ɗan mutum ba. Wanda a ke so shi ne a san ragowa tun tana da zafi, a san inda za ta, a san wanda zai ɗauka.

Musulmi sun taɓa warware irin wannan matsala, wadda ma ta fi wannan girma. Alhazan da suka yi aikin hajji kafin 1983 sun ga yadda naman hadaya ke tsibi a Mina, rana ta buge shi, a haƙa rami a binne. A shekarar nan hukumar Saudiyya ta danƙa al'amarin ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, aka gina mahauta, a yanka, a daskarar, a raba wa matalautan Harami, saura a aika ƙasashe masu bukata. Dabbobin ba su ragu ba, tsari ne aka yi musu. Faransa kuma a 2016 ta kafa doka cewa manyan kantuna ba su da ikon lalatar da abincin da ba a saya ba, sai su ba masu rabawa.

Batsari da Safana ba su bukatar jirgi ko ɗakin ƙanƙara kafin su yi nasu. Akwai Sarkin Kasuwa, akwai Sarkin Pawa, akwai limamai da alarammomi, duk sun san juna. Kowace tsangaya ta ware gardi guda mai hankali, da bokiti mai murfi, a haɗa shi da gidan abinci ɗaya ko biyu, ya riƙa zuwa a sa'a sananniya, yara ƙanana su zauna bisa allunansu. Ran kasuwa da la'asar sakaliya, masu gwari su tara abin da ba zai kwana ba a rumfa guda, a raba wa gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira. Mai walima ya aika wa liman tun kwana biyu kafin ranar, don a san inda za a kai ragowa.

Malamai kuma su duba nasu rumbun. Zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ta kan taru a zauren malam da kaka, a bar ta a buɗe, gara da ɓera su ci rabonsu kafin almajirai. Attajirin da zai kawo zakkar buhu biyar na wake, ya kawo ta cikin buhu mai riɓi uku. Dillalan buhun kuwa a sanar da su tun watan Satumba, kafin wake ya iso kasuwa.