Ka sayi abu, a dawo a ce ka biya haya?

Jama'a, matuƙin jirgin sama yana da littafin da yake rubuta kowace tafiya: wane jirgi, daga ina zuwa ina, awa nawa, da dare ko da rana. Sai ya tara awa 1500 kafin ya samu babban lasisin da ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi. Da littafin nan yake neman aiki.

Da yawansu sun bar takarda sun koma manhaja a waya ko kwamfuta. Sun saya, sun biya, ciniki ya faɗa. Sai wasu kamfanoni suka ce daga yau abonema ne, duk shekara a biya. Mutumin da awowinsa na shekara goma ke ciki, ina za shi?

Kamfanonin na cewa gyaran manhaja da ajiya a intanet na cin kuɗi. Gaskiya ne. To, a sa kuɗi kan sabon aiki. Amma wanda ya riga ya saya, a bar masa abinsa, kuma ya iya kwashe awowinsa kyauta. Guminsa ne.

Kada mu ce ta masu jirgi ce kawai. Tun 2013 Adobe ya daina sayar da sabon Photoshop, sai haya. Gobe tana iya faɗowa kan manhajar lissafin kantinka.

Kafin ka zuba bayananka a ko'ina, ka tambaya: in na daina biya, zan fita da kayana? Kuma ka riƙe kwafi a hannunka. Zanen aro ba ya rufe katara.